Na samu gurbin karatun tsaro a Kaduna, Baba ya ce ba da yawunsa ba

Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 27, ina zaune da iyayena a cikin garin Sakkwato. Asalinmu mutanen wani ƙauye ne a gabashin jihar. Mun dawo birni a 2021, bayan 'yan bindiga sun tare motar da yayana yake ciki a hanyar dawowa daga kasuwa suka kashe shi. Shi ne babba a gidanmu, shi ne kuma yake riƙe wa Baba harkar albasa. Har yau littafin lissafinsa ake amfani da shi a rumfa, da rubutun hannunsa a shafukan farko.

Na karanta kimiyyar siyasa, na gama hidimar ƙasa, aiki bai samu ba, sai nake taya Baba kasuwa. Tun ina jami'a hankalina ya karkata ga nazarin tsaron ƙasa da ƙasa, dabarun yaƙi da hanyoyin zaman lafiya. Ina so in gane abin da ya same mu. Bana na nemi gurbin digiri na biyu a NDA Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja, ɓangaren da farar hula suke karatu, aka ba ni. Ban gaya wa kowa ba sai da takarda ta fito.

Da na kai wa Baba ko karɓa bai yi ba. Cewa ya yi: "Mi kaka biɗa ga karatun yaƙi? Wanda munka gani bai ishe mu ba? Na rufe guda, ba ni rufe na biyu." Ya ce in labari ya kai ƙauye cewa ɗansa yana wurin sojoji, Baffana da ya rage a can da iyalinsa su za a kira infoma. Ya ce digirin farko ma bai ba ni ko sisi ba, balle na biyu. Inna kuka kawai take yi. Ga yarinyar da aka kai gaisuwata gidansu, iyayenta sun fara tambayar ranar da za a tsayar da magana. Wani abokina ya ce in ce musu kwas ɗin harkar mulki ne a wata jami'a, in tafi abina. Ni ina ganin Baba bai gane ba ne kawai. Rajista ta kusa rufewa, kuma tun ranar nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Don Allah ya zan yi?

Ɗanka daga Sakkwato

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan yayanka da rahama, Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Bari in fara gaya maka inda na tsaya. Karatun da kake so karatu ne na ƙwarai, kuma yankinmu yana buƙatar 'ya'yansa su san shi. Amma ban goyi bayan ka ɗauki jaka ka tafi Kaduna Baba yana cewa ba da yawunsa ba. Shawarar abokinka kuwa ka yar da ita tun yanzu. Kaduna cike take da Sakkwatawa, direbobin da ke ɗaukar albasar Baba ma can suke bi. Ranar da maganar ta fito, fushin karatu zai koma fushin yaudara, wanda ya fi wuyar gyara nesa ba kusa ba.

Ka ce Baba bai gane ba ne kawai. Ni da na karanta maganganunsa sai na ga abu ɗaya ne bai gane ba, a sauran kuwa ya riga ka hangowa. Abin da bai gane ba mai sauƙi ne. Ya ji sunan NDA, makarantar da tun 1964 take yaye hafsoshin soja, sai ya ga ɗansa cikin kaki da bindiga ana tura shi daji. Gaskiyar ita ce ɗalibin digiri na biyu a can farar hula yake shiga, farar hula yake fita. Ba a ba shi muƙamin soja, ba a tura shi fagen daga, aji da laburare ne aikinsa. Wannan zama guda ya isa a warware shi, musamman in aka samu wani malami ko ma'aikaci da ya yi irin karatun ya zo da rigarsa da hularsa ya yi wa Baba bayani. Sai dai ka lura, kai ka jawo rabin wannan ruɗani. Mutumin da ya rasa babban ɗansa a hanya, ka nemi gurbi a ɓoye, ka zo masa da takarda an gama komai. Bai ji ana shawara da shi ba, sanarwa ya ji. Kafin duk wata hujja, wannan yana buƙatar ban haƙuri.

Maganar infoma kuwa kada ka yi mata riƙon wasa. Duk wanda yake da dangi a Sabon Birni, Isa, Rabah ko Goronyo ya san nauyin wannan zargi. 'Yan bindiga suna kashe wanda suka zarga da kai rahoto ga jami'an tsaro, 'yan sa-kai su ma suna kashe wanda suka zarga da kai rahoto daji, kuma babu mai tsayawa neman shaida. Baffanka yana noma a wurin da ake sa wa gari harajin shiga gona. A irin wurin nan babu wanda zai tsaya bambance ɗalibi farar hula da hafsan soja. Abin da zai isa ƙauye shi ne ɗan wane yana barikin Kaduna. Saboda haka in har za a yi karatun nan, akwai sharuɗɗan da kai da bakinka za ka gindaya wa kanka a gaban Baba. Babu hoto a ƙofar makaranta, babu sanarwar neman addu'a a Facebook, babu sharhin tsaro da sunanka da hotonka muddin kuna da mutane a can. (Ka ga dai yadda duk wanda ya samu waya yanzu yake zama masanin tsaro, yana ambaton sunayen garuruwa da na 'yan ta'adda kamar mai karanta sakamakon ƙwallo. Yawancinsu ba su da kowa a wuraren da suke ambata. Kai kana da su.) Wanda ya tambaya, digiri na biyu kake yi a fannin siyasa da zaman lafiya. Wannan gaskiya ce, taƙaitawa kawai aka yi, kuma iyayenka sun san cikakken bayanin.

Haka nan ƙauyenku ba zai zama wurin bincikenka ba. Na san zuciyarka can take, kana so ka koma ka tambayi wa ya tare motar, wa ya ba da labarin fitowarta. Ba aikin ɗalibi ba ne. Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na sashen tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda laccarsa ta 2021 kan 'yan bindigar Zamfara ta karaɗe ƙasar nan, shekara goma ya yi yana binciken kafin ya tsaya ya gabatar da ita. Ɗan farawa yana da abin yi mai yawa ba tare da ya taka daji ba. Ka tuna watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato, aka rufe kasuwannin dabbobi, aka hana sayar da mai a jarka. Me aka so cimmawa? Wa ya fi jin jiki, ɗan bindiga ko mai sayar da tumaki? Hare-hare sun ragu ne ko ƙaura suka yi zuwa maƙwabta? Wannan kundin digiri ne cikakke, kuma kayan aikinsa jaridu ne, da sanarwar gwamnati, da rumbun ACLED da ke tattara hare-hare da ranakunsu da wurarensu a intanet, da hira da 'yan kasuwar da suke nan cikin gari.

Yanzu bari mu duba karatun kansa, don ka iya yi wa Baba bayani da harshen da zai shige shi, don kuma ka auna ko shi kake nema da gaske. Babu inda za a koya maka harbi. Abin da za ka tarar littattafai ne masu kauri da Turanci mai nauyi. Za ka haɗu da Clausewitz, janar ɗin Jamusawa da ya yaƙi Napoleon, ya rasu a 1831, matarsa ta buga littafinsa bayan rasuwarsa. Babban darasinsa shi ne yaƙi ci gaba ne da yin siyasa ta wata hanya, wato duk harbin da ba shi da wata manufa ta siyasa da yake bi ɓarna ce kawai. Da wannan ma'auni za ka riƙa tambayar kowane samame: in an kori 'yan bindiga daga wani daji, wa zai zauna ya riƙe wurin, wane alƙali, wane malamin makaranta, wace rijiya? Za ka haɗu da abin da masanin siyasa John Herz ya bayyana a 1950, cewa shirin da wani ya yi don kare kansa shi ne yake tsorata maƙwabcinsa har shi ma ya yi shiri, sai kowa ya ƙare cikin haɗarin da ya fi na da. Don ƙasashe ya rubuta, amma wanda ya ga yadda manoma suka kafa sa-kai don tsoron ɓarayin shanu, makiyaya suka sayi bindiga don tsoron sa-kai, ba ya buƙatar dogon sharhi. Za ka haɗu da Johan Galtung ɗan ƙasar Norway, wanda a shekarun 1960 ya raba zaman lafiya gida biyu: wanda shirun bindiga ne kawai, da wanda aka kawar da zaluncin da ya haifi rikicin. Ka auna sulhun da aka yi da 'yan bindiga a Zamfara da Katsina a 2019 da wannan rabo, ka ga me ya sa bai yi ƙarko ba.

In ka ce wa Baba tsaron ƙasa da ƙasa, zai ɗauka maganar Amurka da Rasha ce. Ka tuna masa da bodar Illela. A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi ta yi barazanar yaƙi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wa Nijar wuta, ba ta buɗe ba sai Maris na 2024. Baba ya fi ni sanin abin da wannan ya yi wa motocin kaya tsakanin Illela da Ƙonni. Shawara ce aka yanke a Abuja ta zo ta same shi a rumfarsa. Cikin waɗanda aka tura Yamai neman maslaha a watan Agusta kuwa har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, tare da Janar Abdulsalami Abubakar. Dukansu sun yi soja, sun san abin da yaƙi yake ci, shi ya sa aka ga sun dace da hana shi. Daga baya Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ga Lakurawa sun kafu a Tangaza da Gudu suna kai da kawowa a kan iyaka. Wanda yake zaune a Sakkwato ba daga nesa yake hango wannan fanni ba.

Kada kuma ka bari a ɗauka ilimin na Turawa ne kaɗai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, ya gane cewa cin yaƙi daban, riƙe ƙasa daban. Sai ya kafa ribaɗoɗi, garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, ya zaunar da makiyaya a cikinsu, ya ƙarfafa noma da sana'a da karatu. Shi kansa a ribaɗin Wurno ya zauna, a can ya rasu a 1837. Wasiƙun da suka yi musaya da Shehu al-Kanemi na Borno, kan ko ya halatta Musulmi su yaƙi Musulmi da kuma a kan wane dalili, suna nan cikin Infaƙul Maisuri, kuma muhawara ce da duk mai nazarin halaccin yaƙi zai amfana da ita. Rubuce-rubucen wannan zamani suna nan a hukumar tarihi ta Waziri Junaidu, kuɗin Keke Napep kawai tsakaninka da su. A Suratul Anfal, ayar da ta yi umarni da tanadin ƙarfi ita ce ta 60, wadda take bi mata kuwa ta ce in sun karkata ga zaman lafiya kai ma ka karkata. Dattijon Basakkwace zai fi sauraron wannan fiye da sunan kowane Bature.

Akwai wata tambaya da ba Baba zai yi maka ita ba, ni zan yi. Ka ce kana so ka gane abin da ya same ku. Wannan dalili ne mai kyau, da yawa daga masu wannan fanni ciwo ne ya kawo su. Amma ka sani karatun ba zai nuna maka wanda ya kashe yayanka ba, ba zai kuma huce maka ba. Ƙari ma, zai tilasta maka ka zauna ka karanta koke-koken ɓangaren da kake ganin su suka cuce ku: burtalin da aka nome, shanun da aka ƙwace, mutanen da aka kashe a kasuwa don kamanninsu kawai. Malamin kirki ba zai karɓi kundin da fushi ya rubuta ba. In kana jin za ka iya wannan zama, to fannin naka ne. In kuwa abin da ke ranka ramuwa ce ta sa rigar ilimi, ka ba kanka lokaci, ka samu malami ko wani babba da kake sakin jiki da shi ku yi maganar rasuwar nan sosai. A wasiƙarka ban ga alamar an taɓa zama an yi ta a gidanku ba.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan Baba yana da gaskiya ƙwarai. Digiri na biyu a fannin tsaro ba ya zuwa da takardar ɗaukar aiki. Wuraren da ake buƙatarsa ƙidayayyu ne: koyarwa a jami'a, wadda sai ka ƙara da digiri na uku kafin ka tsaya da ƙafarka, cibiyoyin gwamnati irin su Cibiyar Zaman Lafiya da Sasanta Rikici da ke Abuja da Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje da ke Legas, ma'aikatar harkokin waje, aikin jarida, sai ƙungiyoyin agaji da na bincike. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi ɗaukar matasa a Arewa, su ma sun rage hannu tun da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji a ƙasashen waje, USAID, a 2025. Masu riƙe da irin takardar suna da yawa. Abin da yake fitar da mutum daga cikin taro shi ne abin da ya iya: rubuta rahoto mai tsabta a shafi biyu, sarrafa alƙaluma da zana taswira a kwamfuta, da harshe. Kai kana da Hausar da ake yi daga nan har Maraɗi da Tawa. In ka ɗora Faransanci a kai, ka zama wanda zai karanta sanarwar Yamai da jaridun Bamako ba tare da tafinta ba, kuma irin waɗannan ba su da yawa a Najeriya. Wannan koyo ba ya jiran NDA, gobe ma za ka iya farawa a nan Sakkwato.

Baba ɗan kasuwa ne, ka yi masa maganar kasuwa. Ya san ajiyar albasa: ka saya da kaka, ka zuba a rudu, ka ɗaure kuɗinka wata da watanni, wata ta ruɓe, kuma babu mai yi maka alƙawarin farashin da za ka tarar. Bai taɓa ƙin ajiya don wannan ba, amma bai taɓa yin ta da ka ba. To ka kawo masa lissafi a rubuce. Kuɗin makaranta nawa, haya nawa, abinci da mota nawa, wata nawa za a yi, nawa ka tara, nawa kake nema, daga ina. In duk nauyin a kansa kake shirin ɗorawa, to ƙin da ya yi yana da hujja ko da babu maganar tsaro.

Akwai abin da bai faɗa ba, wanda littafin lissafin nan ya faɗa. Mutum ya baro garinsu da girmansa, ya zo birni yana sabon zama, ɗan da ya dogara da shi ya tafi, kai ka zauna a gurbinsa kana rubutu a littafinsa. Yanzu ka ce za ka tashi. Wa zai bi bashi, wa zai tsaya kan lodi, wa zai ɗaga wayar dillalan Kudu? Dattijo ba zai ce maka ina buƙatarka ba, sai dai ya ce karatun banza ne. Saboda haka amsar da za ta fi tasiri a wurinsa mutum ne: ƙane, ko ɗan Baffa, ko yaron rumfa mai amana, wanda za ka koya wa aikin har Baba ya ga da idonsa an yi lodi an sallami mota ba ka wurin. Wannan ba ya yiwuwa kafin rajista ta rufe, shi ya sa nake ganin bana ba shekarar tafiya ba ce.

Ga yadda nake so ka bi abin. Da farko ka tuntuɓi makarantar a rubuce ka tambaya ko ana ɗage gurbi zuwa zango mai zuwa, da sharuɗɗan yin hakan. In ana yi, ka samu sarari. In ba a yi, wanda aka ɗauka bana ba abin mamaki ba ne a sake ɗaukarsa baɗi, kuɗin fom kawai za ka sake kashewa. Sannan ka fara da Inna, ita kaɗai, a ɗakinta. Kada ka je da hujjoji. Ka ce mata ba soja za ka shiga ba, kuma ba za ka taka ko'ina ba sai sun yarda. Wannan jimla ta biyu ita za ta tsayar da kukan, kuma kafin gari ya waye ta isa kunnen Baba. Bayan haka ka nemi wanda Baba yake jin nauyinsa, Kawu ko limamin masallacinku ko abokin kasuwancinsa na tun ƙuruciya, ka fara gamsar da shi. A zauna bayan isha, ba a rumfa ba, ba a gaban ƙanne ba. Ka durƙusa ka ce: Baba na yi kuskure da na nema ban shawarce ka ba, ka yafe mini. Ban zo neman izinin tafiya yau ba, na zo ne ka ji mene ne karatun, in ka ji ka yanke abin da ka gani. Daga nan ka yi shiru ka bar manya su yi magana. Ko ya faɗi abin da ka san ba haka yake ba, kada ka katse shi.

Ka je zaman da hanya fiye da ɗaya a hannunka. In sunan NDA ne matsalar, kuma ina zaton shi ne rabinta, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan a gida. Za ka iya yin digiri na biyu a kimiyyar siyasa ko tarihi, ka rubuta kundinka a kan tsaro, da safe aji da yamma rumfa. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da kwas na zaman lafiya da sasanta rikici, tana kuma da cibiya a Sakkwato. Jami'ar Ibadan ta daɗe da suna a wannan fanni, sunanta kuma ba ya ɗaga hankalin kowa a ƙauye, sai dai nisa. Ni a ganina, a halin da gidanku yake ciki, na gida ya fi. A wannan mataki malamin da zai duba aikinka da ingancin kundin sun fi sunan makaranta muhimmanci, kuma babu abin da zai hana ka nufi Kaduna ko waje a digiri na uku. Tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya ma sai da shaidar aikin shekara biyu ake nemansa, saboda haka zaman da za ka yi kana kasuwa, kana ɗan aikin sa-kai da wata ƙungiyar da ke taimakon 'yan gudun hijira a cikin gari, ba asarar lokaci ba ne in kana adana takardun shaida.

Yarinyar nan kuma tana da haƙƙi a kanka. Ka gaya mata gaskiyar shirinka da abin da kake samu a wata, ka bar manya su ba iyayenta lokaci takamaimai. Kada a bar su suna jiran gawon shanu. In karatun a gida za a yi, aure da shi ba sa karo, mutane da yawa sun haɗa. In kuwa ka ga sai ka yi nisa na shekaru, ka faɗa tun yanzu ta zaɓa da saninta.

Zai yiwu a yi duk wannan Baba ya ce a'a ga Kaduna, ya ce a'a ga na gida ma. In haka ta faru ka haƙura bana. Wani mutum ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman izinin fita jihadi, ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, ya ce e, sai ya ce to a kansu za ka yi jihadinka. Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi. In an tsayar da mai fita jihadi saboda iyaye, mai fita neman digiri ya fi cancantar tsayawa. Amma haƙurin ba na naɗe hannu ba ne. Ka ci gaba da Faransancin, ka riƙa zuwa laccocin da ake yi a jami'a, ka nemi wani malami a sashen da ka gama ka ce kana so ka taya shi tattara bayanai, ka rubuta abu ka kai masa ya gyara. Ka horar da wanda zai riƙe rumfa. Bayan kakar albasa mai zuwa, in an yi ciniki hankali ya kwanta, a sake tayar da maganar ta bakin mutumin nan da ya shiga tsakani.

Ka yi istihara kafin zaman. Takardar neman ɗage gurbin kuwa ka aika ta cikin wannan mako, tun rajista ba ta rufe ba, ka ajiye kwafinta. In kun zauna ka sake rubuto mini in ji yadda aka kwashe.